Kafin Sabon Birni, A Ba Mu Takardar Gidanmu

Duba gidan gadonku a Kurna ko Rimin Kebe: katanga ta tsage, kwata ta toshe, kowace damina sai addu'a. Yana da takardar mallaka kuwa? Yawanci babu. In ba takarda, banki ba ya ba da bashi, kuma ba mai zuba kuɗinsa a gidan da yake tsoron rusau.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, wato shi ke da ikon sauƙaƙa takardar nan. An gina Kwankwasiyya da Amana a bayan gari, madalla. To unguwar da muka taso fa?

Bar cacar baki a Facebook. Tambayi ɗan majalisarku: nawa ne kuɗin takardar, kuma yaushe za ta fito?