Ruwan Ƙarƙashin Adar Gado Ne Na Zamanin Da Ya Shuɗe

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya da tsakar rani a arewacin Tawa, wajen Abalak ko Cintabaradan, ya ga yadda ake ɗaura igiyar wasaki a jikin raƙumi, yaro ya kora shi ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin wasakin ya leƙo bakin rijiyar, alhali shanu sun yi cincirindo suna jiran a juye musu a kwami, to wannan ba ya bukatar a yi masa wa'azi bisa darajar ruwa. Amma tun da aka yawaita haƙa rijiyoyin inji masu zurfi, waɗanda muke kira foraj, ruwa ya riƙa ɓulɓulowa da ɗuminsa ba tare da an ja igiya ba, sai mas'ala guda ta shige mana duhu, watau daga ina wannan ruwa ya zo, kuma yaushe ya shiga inda muke zaro shi.

Amsar tana komawa ga ƙanƙara, ko da yake mu iyakar saninmu da ita ɗan ƙullin leda ne da ake rububinsa da la'asar a watan azumi. A ƙasashen sanyi, irin su Girinlan da Antaktika, ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa kamar bargo, kaurinta a Antaktika ya kai misalin kilomita 2 a tsaka-tsaki, a wasu wurare ma ya haura 4. Saboda zafin da ke tasowa daga cikin ƙasa, da gogayyar da take yi da dutse tana jan ciki, gindinta yakan narke, sa'an nan nauyin da ke bisa ya matse wannan ruwa ya cusa shi cikin ƙofofin yashi da dutse, zuwa zurfin da ruwan sama ba zai taɓa kaiwa da kansa ba. A shekarar 2022 masu bincike daga Amurka suka tabbatar da cewa ƙarƙashin ƙanƙarar Whillans, a yammacin Antaktika, akwai laka da yashi jiƙe da ruwa, masu kaurin da ya kai kusan kilomita 2. A arewacin Estoniya kuwa, har yau mutane suna shan ruwan da ƙanƙara ta cusa cikin ƙasa tun zamanin da ta danne ƙasarsu, ita ƙanƙarar ta tafi shekaru dubbai da suka wuce, ajiyarta tana nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kuma ya ƙara mini yaƙini da ƙudurar Ubangiji, shi ne cewa ƙasarmu ita kanta ta taɓa kwana ƙarƙashin irin wannan bargo. Kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, wannan yanki na Afirka yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, kuma a duwatsun Jado, can arewa maso gabashin Nijar, har yanzu ana ganin zanen da ƙanƙara ta karce a jikin dutse, da kwaruruwan da ruwan ƙarƙashinta ya yanka.

Amma ruwan Adar ba na wancan zamani ba ne, alaƙarsa da ƙanƙara ta wata fuska ce. Misalin shekara 20,000 da suka wuce, sa'ad da ƙanƙara ta mamaye arewacin Turai da Amurka har teku ta janye da kamar mita 120, damina ta yi rauni a nan, rairayin Sahara ya gangaro kudu ƙwarai. Da ƙanƙarar ta narke, damina ta komo da ƙarfi, daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce: Azawak, wanda yau busasshen kwari ne, ya zama kogi mai gudu zuwa Dallol Boso, Tafkin Cadi ya yi faɗi kamar teku, mutanen Gobero a bakin Tenere suna kamun kifi. A irin waɗannan zamuna na yalwa, wannan da waɗanda suka gabace shi, ruwa ya sami sararin nutsewa cikin dutsen yashin da ke shimfiɗe can ƙarƙashinmu, wanda masana suke kira kwarin Iwillimmidan, kuma muke tarayya a cikinsa da Mali da ƙasar Sakkwato. A Adar sai an huda dutsen farar ƙasa da yumɓu mai kauri, ɗaruruwan mitoci, kafin a tarar da shi, kuma wannan yumɓu da ya tsare shi daga ƙazanta shi ne ke hana ruwan daminar bana isa gare shi.

Saboda haka wajibi ne mu rarrabe tsakanin ruwa biyu. Na fadama, irin wanda masu lambu suke samu a kwarin Tadis da Majiya, da na tabkin Tabalak, kamar amfanin gona yake, damina tana mayar da shi, kuma aikin tare ruwa da aka fara a Kaita a 1984 ya nuna cewa ana iya taimaka masa ya nutse. Na can ƙasa kuwa gado ne, abin da aka ɗiba ba ya komowa a rayuwarmu ko ta jikokinmu. Binciken hukumar OSS da ke Tunis ya ƙiyasta cewa abin da ƙasashen uku masu tarayya a kwarin Iwillimmidan ke ɗiba daga cikinsa a shekara ya tashi daga mita kubik miliyan 50 a 1970 zuwa miliyan 180 a 2004, kuma tun daga nan jama'a da dabbobi ƙaruwa suka yi.

Ba na cewa a daina haƙa foraj. Wanda ya san abin da farin 1973 da na 1984 suka yi wa makiyaya, ko ya ga mata suna sammako da jarkoki bisa jaki, ba zai furta haka ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wanda na gani da idona a wani ƙauye: injin hasken rana yana aiki tun hantsi, tanki ya cika yana ambaliya, ruwa ya yi kududdufi awaki suna tattaka shi, ba wanda ya damu, domin rana ba ta karɓar kuɗin mai. Malaman fiƙihu sun yi bayanin harimin rijiya da haƙƙin mai ƙishirwa, sun kuma hana israfi ko a wajen alwala. Ina ga ruwan da ya fi kama da waƙafi ko dukiyar marayu, wanda mafi yawan masu haƙƙi a cikinsa ba a haife su ba tukuna?

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A sa wa kowane foraj ma'auni da abin da ke tsayar da inji in tanki ya cika. A keɓe ruwa mai zurfi ga shan mutane da dabbobi, noman rani ya dogara ga fadama. Sa'an nan ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa su riƙa auna zurfin ruwan rijiyoyin nan sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a rubuta a littafi, a karanta wa mutanen gari da harshensu a gaban hakimi da liman.