Farin Tef Ko Baƙi? Kwalliyar Kan Keken Tsere

Duk wanda ya taɓa kallon gasar Tour de France a talabijin ya ga yadda kan keken tsere ke lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago. Tef ake naɗe shi da shi, kuma a kan launin tef ɗin nan masu keke kan yi musu kamar na magoya bayan Barcelona da Real Madrid.

Tsofaffin hannu suna da ƙa'idarsu: launin tef ya bi na sirdi. Baƙin sirdi, baƙin tef. Farin sirdi, farin tef. Babu dokar gasa da ta ce haka, al'ada ce kawai. A manyan gasa kuwa launi labari yake bayarwa. Wanda ke kan gaba a Tour de France riga ruwan ɗorawa yake sawa tun 1919, kuma sau da yawa makanikan ƙungiyarsa kan sauya masa tef da dare don ya dace da rigar. A gasar Giro ta Italiya ruwan hoda ne, launin takardar jaridar da ta ƙirƙiro gasar. Akwai kuma koriyar riga ta gwanin tara maki, wadda Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya lashe a 2024.

Mu dai mun yarda, babu tef da ya kai fari kyau. Sai dai ku tuna, ɗan tsere yana da makaniki da ke wanke masa keke bayan kowace fita, ya sauya tef idan ya yi dauɗa. Ku fa? Ga gumi, ga ƙurar hunturu, ga baƙin man kaca a hannu duk ranar da ta zame a hanyar makaranta. Kafin a je ko'ina fari ya koma ruwan ƙasa, kuɗin tara ya tafi a banza. Saboda haka baƙi muke ba ku shawara. In ana son ado, a zagaya ɗan siririn ja ko shuɗi a wurin da naɗin ya ƙare.

Abin da ya fi damun mu shi ne masu naɗe kan keke gaba ɗaya da salatif mai ƙyalli. Ranar farko abin sha'awa, amma da rana ta buge shi sai gam ya narke, hannu mai gumi ya riƙa zamewa daidai lokacin da za a damƙi birki. Tef na gaskiya yana da laushi da kamu: a da na auduga ne, yanzu galibi roba ce mai kamar soso.

Wajen naɗi, a fara daga bakin bututun a yi sama, kowane zagaye ya ɗan hau kan na baya, ana ja da ƙarfi. Sannan a toshe bakin da murfinsa. Buɗaɗɗen bakin ƙarfe kan huda cinya idan aka faɗi, shi ya sa a gasa ba a yarda a hau keke babu murfin ba.