Wa zai hau dokin Gado, wa za ta ɗaura zanen Shibo?

Cikin watan Mayu na shekara ta 2023 kamfanin Netflix na Amurka ya fidda wani shiri mai kashi huɗu bisa tarihin Kilopatira, sarauniyar Masar ta zamanin da. Wadda aka ba ta fito a matsayin sarauniyar wata 'yar wasa ce ta ƙasar Ingila, Adele James, mai jinin baƙar fata. Tun shirin bai kai ga masu kallo ba ƙura ta tashi a birnin Alƙahira. Hukumar kula da kayan tarihi ta Masar ta fidda sanarwa cewa an yi wa tarihi ƙage, domin Kilopatira zuriyar Batlamus ce, wani barden Iskandari mai asalin Makidoniya. Wani lauya ma ya shigar da ƙara yana neman a toshe Netflix a ƙasar baki ɗaya. Masu shirin kuwa suka mai da martani cewa ai ba wanda ya ta da jijiyar wuya a 1963, lokacin da Elizabeth Taylor, Baturiya fara sol, ta ɗauki wannan matsayi.

Ma'aikacin da ya taso daga biro a Filinge, ko ɗan kasuwar da ya rufe kanti ya zauna gaban telebijin, yana iya cewa wannan faɗan na masu abu da abinsu ne, ba ruwan Kurfai da shi. Sai dai ƙasar Nijar ta riga Masar shan wannan ruwa da shekaru fiye da talatin, kuma nata ya fi ciwo, don a nan ba a yi kuskuren launi ba, amma duk da haka an yi hasara.

Labarin sananne ne. Ran 16 ga watan Afrilu na 1899 rundunar kaftin Voulet da kaftin Chanoine ta auka wa Lugu, cikin ƙasar Arewa, maƙwabciyar Kurfai ta gabas, inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka ƙi miƙa wuya. Rundunar ta wuce ta yi ɓarnar da ta yi a Birnin Ƙonni, kafin shugabanninta biyu su gamu da ajalinsu a hannun sojojinsu cikin watan Yuli, a yankin Tasawa. A 1980 Abdoulaye Mamani, tsohon ɗan Sawaba da ya sha gudun hijira ya kuma sha ɗauri, ya wallafa littafin Sarraounia da Faransanci. Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya ɗauki littafin don ya mai da shi fim, da niyyar a yi aikin a nan Nijar. Ana gab da somawa hukumomin lokacin suka janye hannunsu. Shugaban ƙasa a wannan zamani shi ne Seyni Kountché, ɗan Fandu, wato ɗan yankin Filinge. Burkina Faso ta Thomas Sankara ce ta buɗe ƙofa, can aka ɗauki fim ɗin, ya fito a 1986, ya kuma ci Dokin Yennenga, babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, a 1987.

To, wa ta fito a matsayin Sarauniya? Aï Keïta, 'yar Burkina. Baƙa ce, 'yar Afirka, mai kwarjini, kuma duk wanda ya ga fim ɗin ya san ta cika fili. Mai lissafin launin fata ba shi da abin cewa. Amma Sarauniyar da duniya ta gani ba ta furta Hausar Arewa ba. Julanci da Fulatanci da Faransanci ne suka cika fim ɗin. Tsohuwar Lugu, da za a kunna mata shi, sai an nemo mata tafinta kafin ta ji abin da kakarta ke faɗi. Wannan ita ce hasarar, kuma ba a wuyan Aï Keïta take ba, ba a wuyan Med Hondo ba. Wanda aka hana masauki a gida ba a tuhumarsa don ya kwana gidan maƙwabci. (Abin dariya, shi Med Hondo da aron murya yake cin abinci a Paris: shi ne muryar Eddie Murphy a Faransanci shekara da shekaru, har rasuwarsa a 2019.)

Akwai kuma abin da masu kishin tarihi ba su cika son a tuna musu ba. Sarauniyar fim, mai kwari da baka, mai jan mayaƙa a fagen daga, yawancinta daga alƙalamin Mamani ta fito. A Lugu sarauniya muƙami ne da mata ke gada ɗaya bayan ɗaya. Mai riƙe da shi tana zaune ne cikin ɗakinta da fararen tufafi, tana kula da al'adun Azna, kusa da dutsen Tunguma da ake kai wa shari'a. Ba majalisa ke zaɓenta ba, tarkama ce: gawar wadda ta rasu, bisa kafaɗun masu ɗauka, ita ke nuna magajiya. Mamani ya ɗauki wannan mace mai asiri ya ɗaura mata ɗamara, domin yana neman jaruma da zai ba 'yan lakkol waɗanda littattafansu suka cika da jaruman Faransa. Ya kuwa samu. Yau har gidan rediyo da telebijin ke ɗauke da sunan a Yamai. Amma bai kira littafinsa kundin tarihi ba, ƙagaggen labari ya kira shi. Nan ne Netflix ta yi tuntuɓe: ta jera malamai suna bayani tsakanin wasa da wasa, ta ce wa mai kallo wannan tarihi ne. Mai wasa yana da izinin ƙari da ragi. Wanda ya ce shi mai ba da shaida ne, ba shi da wannan izini.

Masu sai da kaset na kasuwannin ƙasar nan shaida ne cewa asalin ɗan wasa bai taɓa hana jama'a karɓar fim ba. Wanda ya fito a matsayin Umar Mukhtar a fim ɗin da Mustafa Akkad ya yi kan mamayar Italiya a Libiya, Anthony Quinn ne, haifaffen Meziko, ba Balarabe ba, ba Musulmi ba. Shi ne kuma Sayyidina Hamza a fim ɗin Ar-Risala na 1976. Mutane sun zubar da hawaye a kansa, ba wanda ya nemi takardar haihuwarsa. Sai dai a lura da dabarar Akkad: Ar-Risala sau biyu ya ɗauke shi, ɗaya da Ingilishi, ɗaya da Larabci, kowanne da nasa 'yan wasa, Abdullahi Gais na Masar ya zama Hamza a na Larabcin. Ya yi haka don kada masu labarin su ji labarinsu a bakin aro. Fim ɗin Amina ta Zazzau da Izu Ojukwu ya yi, wanda Netflix ta nuna a 2021, bai yi wannan ɗawainiya ba. Da Ingilishi aka yi shi, Lucy Ameh ta fito a matsayin Amina, kuma duk da Ali Nuhu na ciki, mutanen arewacin Nijeriya da yawa sun yi ƙorafin cewa ba su gane Zazzau ba, ba a harshe ba, ba a tufafi ba.

Kurfai kuwa tana da nata tsohon hisabi da wannan batu, ta wata fuskar da ba a saba ji ba. A 1925, a ƙauyen Shikal kusa da Filinge, wasu baƙin iskoki suka soma hawan wata mace mai suna Shibo da mutanen da ke tare da ita. Iskokin ba na daji ba ne, na bariki ne: gwamna, kumandan, kaftin, soja mai gadi. Waɗanda suka hau kansu sai su yi fareti, su sara wa juna, su yi tsawa irin ta nasara. Kurfayawa suka kira su Babule, Zabarmawa suka kira su Hauka. Manoma baƙaƙe ne suka fito a matsayin Turawa, ba da izinin kowa ba. Kumandan Crocicchia na Yamai bai ɗauki abin wasa ba. Ya sa aka kamo su da dama, aka tsare su, aka wulaƙanta su. Sakamakon da ya samu shi ne ya shiga sahun iskokin da kansa, da sunan Kumandan Mugu. Daga baya aka fitar da Shibo da wasu daga ƙasar, amma Babule suka bi 'yan ci-rani har Gwalkwas, Gana ta yau.

Can ne, a gefen birnin Ankara, Jean Rouch ya ɗauki hotonsu a 1954, ya yi fim ɗin Les Maîtres fous. Da aka nuna shi a Paris, ɗaliban Afirka suka fusata, suka ce ya nuna baƙar fata tamkar dabba, da kumfa a baki da naman kare. Malaminsa Marcel Griaule ya ba da shawarar a lalata fim ɗin. Hukumar Ingila a Gwalkwas ta hana nuna shi, don ta ga ana kwaikwayon gwamnanta. A wannan fim ba a yi aron kowa ba, mutanen na ainihi ne, abin da suka yi shi aka ɗauka. Duk da haka mai kallo ya ga kumfa bai ga Shikal ba, bai ji labarin haraji da aikin tilas ba, muryar da ke bayani daga farko har ƙarshe kuwa ta Rouch ce shi kaɗai. Ashe ana iya ajiye fuskar gaskiya gaban kyamara, labarin ya fita a gurgunce.

Ranar da wani ɗan ƙasa zai tashi yin wasan telebijin bisa Kurfai ta wancan zamani, nan ne za a san wuyar aikin. Babule ba nasara kaɗai suka bijire wa ba, har da Gado Namalaya, wanda Faransawa suka ɗora bisa kanton. Shi Gado ga wasu mayaƙi ne da ya tsare ƙasa: cikin Afrilun 1916, lokacin da Firhun, amanokal na Iwillimmidan, ya kawo yaƙi Filinge, mahayan Kurfai suna gefen Faransawa aka kore shi. Ga wasu kuwa shi ne hannun da ke karɓar haraji yana fidda samari aikin tilas. Firhun kansa a littattafan makaranta gwarzon da ya yi wa mulkin mallaka tawaye ne. A bakin tsofaffin wasu ƙauyuka kuwa sunan Buzayen wancan zamani yana tafe da tunanin hari. Jikokin Gado suna nan, jikokin mutanen Shibo suna nan, jikokin mayaƙan Firhun suna nan, ran Lahadi kasuwa ɗaya suke ci a Filinge. Wanda zai raba matsayi a wannan wasa ba launi zai auna ba. Zai tambayi kansa ko Firhun zai yi magana da Tamajak ko za a sa masa gurguwar Hausa don a ba mutane dariya, kamar yadda aka saba yi wa Buzu da Bafillace a wasannin kwaikwayo. Ko Shibo za ta fito mahaukaciya ko mace mai hujja. Ko Hausar Kurfai za a ji, da lafazinta, ko ta Kano da kaset ya saba wa kunne.

Ba a ce abin ya fi ƙarfin ƙasar ba. A 1982 Mahamane Bakabé ya yi fim ɗin Si les cavaliers, daga wasan da André Salifou ya rubuta kan shirin tawayen Damagaram na 1906, da 'yan wasan gida. Oumarou Ganda, wanda ya fara cin Dokin Yennenga a 1972, ya riga ya nuna hanya tun da Cabascabo, inda tsohon sojan Indoshin ya fito da kansa ya ba da labarin tsohon sojan Indoshin. Abin da ya yanke tun daga nan kuɗi ne da izini, kuma waɗannan biyu suna hannun masu karanta wannan shafi. Ɗan kasuwar da ke iya ɗaukar nauyin kokowa ko tseren raƙuma yana iya ɗaukar nauyin dawaki talatin na kwana goma da abincin mahayansu. Ma'aikacin da takardar neman izinin ɗaukar fim ta iso teburinsa yana iya tuna inda Sarauniya ta ƙare da aka rufe mata ƙofa: Wagadugu, da Julanci.

Shikal ba ta da nisa da Filinge, Filinge kuwa ba ta kai kilomita 200 daga Yamai ba. Shekara ɗari ke nan da hawan Babule na farko. Waɗanda suka gani da ido sun ƙare, saura waɗanda suka ji daga bakinsu, su ma gemu ya yi fari.