Wasiƙa Zuwa Ga Masu Auna Raunin Al'umma a Lokacin Annoba

'Yan uwa ma'aikatan ƙididdiga da masu bi gida-gida da takardar tambayoyi.

Akwai tambaya ɗaya da nake roƙon ku ƙara a fom ɗinku, ku kuma sa ta a sama: in aka kulle gari yau, kwana nawa gidan nan zai yi ana ɗora tukunya?

Abin da ya faru a Kano a 2020 ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai korona, kafin mako ya zagayo aka kafa dokar kulle, sai ga azumi ya kama. Kantin Kwari da Sabon Gari suka yi tsit. Ɗan dako da mai Adaidaita Sahu da mai wanki da guga, duk masu hannu baka hannu ƙwarya, suka wayi gari babu na cefane. A lokacin, rajistar talakawa ta ƙasa tana ɗauke da gidaje kusan miliyan 2.6, akasarinsu a karkara. Shugaba Buhari ya ba da umarnin a ƙara gida miliyan ɗaya, amma rajistar gaggawa ta talakawan birni sai a Janairun 2021 aka ƙaddamar da ita. Wane ciki ne zai jira wata tara?

Ma'aunin da kuka saba da shi yana duba rufin ɗaki, da talabijin, da babur. Da wannan lissafi, tela mai ɗakin haya a Fagge ya fi manomi mai gidan ƙasa. Ranar kulle kuwa manomi rumbu zai buɗe, tela sai dai ya zura wa kekensa ido. Don haka ku tambayi abin da ke ajiye na hatsi, da mutum nawa ke kwana a ɗaki, da gida nawa ke haɗa bayi ɗaya. Ku tambayi inda ruwa yake fitowa, domin wanda ke sayen jarka wajen ɗan ga-ruwa ba zai iya wanke hannu sau goma a yini ba. Ku rubuta tsofaffi da masu hawan jini ko ciwon suga. Kuma kada ku tsaya a matakin ƙaramar hukuma: Nassarawa ɗaya ce ta haɗa unguwar GRA da Gama, in kun haɗa su kun raba, babu wanda kuka kwatanta. Jihar Kano tana da mazaɓu 484. Daga nan awo ya kamata ya fara.

Sai batun da ya fi damuna, wato rufin asiri. Bahaushe ya kwana da yunwa, ka tambaye shi a gaban maƙwabta yaya gida, "Alhamdulillahi" zai ce, kuma ba ƙarya ya yi ba, mutuncinsa yake karewa. Ku keɓe da shi, ku tambaye shi sau nawa aka hura wuta jiya. Haka nan maigida a zaure zai ce matarsa ba ta aiki, alhali awararta da ƙuli-ƙulinta da kitsonta ne ke riƙe da miyar gidan. Da aka hana fita, tallar yara ta tsaya, adashi ya tsaya, babu fom ɗin da ya gani. Ku tafi da ma'aikata mata su shiga daga ciki.

Akwai kuma waɗanda ba su da ƙofar da za ku ƙwanƙwasa: almajirai, da 'yan ci-rani masu kwana a shago da tasha. Lokacin da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu, an sami masu cutar da dama cikin waɗanda aka kai Kaduna da Jigawa. Binciken wayar tarho irin wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Bankin Duniya ya yi amfani ƙwarai, amma marar waya ba ya cikinsa.

Ku tuna kuma su wa suka fara ganin yawan mace-macen da aka yi a Kano lokacin korona. Masu haƙa kabari ne. Sai a watan Yunin 2020 Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma mai yiwuwa rabi ko fiye da haka korona ce sanadi. Ku riƙe zumunci da ma'aikatan maƙabarta, da limamai, da ungozomomi, da masu kemis. Jerin sunayen da mai unguwa ya ba ku kuwa, ku karɓa da girmamawa, sannan ku bi shi da ƙafa ku tantance.

Yanzu da gari yake lafiya ne lokacin wannan aiki. In kun gama, don Allah ku koma unguwar ku karanta wa mutane abin da kuka rubuta a kansu, su nuna muku wanda aka tsallake.

Wassalam.