Kuɗin kaye ba iri ba ne

A makon farko na Oktoba, da aka koma lakwal, wata yarinya ta shigo ajina ba kaye, ba bik, sai tsohon allon bara mai tsaga a tsakiya. Na san gidansu. Uwarta tuyar ƙosai take yi a bakin titi, kuma na san tun damina take zubin adashi saboda wannan rana. Da na bi ta gidan da marece na tambaye ta ina kuɗin suka shiga, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mushe, na shuka su."

Wani baƙon mai wa'azi ne ya sauka garin, ya yi taron kwana uku da lasifika da janareto. A daren ƙarshe ya raba ambulan, ya ce duk wanda ya sa jika goma a ciki ya shuka iri ke nan, kafin wata ya mutu Allah zai mayar masa ninki ɗari. Hujjarsa ita ce Filibiyawa 4:19, inda manzo Bulus ya tabbatar wa masu bi cewa Allah mai biyan dukan bukatarsu ne. Wata ya mutu, wani ya tsaya. Mai wa'azin ya daɗe da kama hanyarsa.

Ni Kirista ne, na kuma gaskata wannan aya ba tare da wata tantama ba. Shi ya sa abin ya ci mini rai. An ɗauki alkawarin da ya riƙe iyayenmu a shekarun fari da yunwa, an liƙa masa farashi kamar tiyar hatsi a kasuwa.

Iyaye, ku buɗe wasiƙar ku karanta ta daga farko, sura huɗu ce kawai, ba ta kai zaman shayi guda ba. Wanda ya rubuta ta ɗan kurkuku ne. Mutanen Filibi sun ji halin da yake ciki, suka haɗa ɗan abin da suka samu suka aika masa ta hannun Abafaroditus, wanda ya yi ciwo har ya kusa mutuwa a kan wannan hidima. Bulus yana godiya ne bayan kyautar ta riga ta iso. Bai roƙe su ba, bai yanka musu adadi ba, bai ba su ranar karɓar riba ba. Ayoyi kaɗan kafin ta 19 ma, ya gaya musu ya koyi zama da ƙoshi, ya koyi zama da yunwa. Me ya sa masu ambulan suke tsallake wannan? Mutumin da ya fi kowa tabbata cewa Allah ya wadatar, shi ne da bakinsa yake cewa ya sha kwana da yunwa. Kuma a 2 Korintiyawa 12 ya ba da labarin wata ƙaya a jikinsa da ya roƙa har sau uku a cire masa. Ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi a cikin rashin ƙarfin. Da a taron kwana ukun nan Bulus ya tashi ya ba da wannan shaida, da an ce masa bangaskiyarsa ce ƙarama, ko irin da ya shuka bai kai ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai Bulus ɗin ya ce bayarwa tana da lada. Haka ne, ban musa ba, kuma ba ina hana kowa baiko ko zakka ba. Ikilisiyar da ba a bayarwa a cikinta, fastonta ma yunwa za ta kore shi. Amma a duba 2 Korintiyawa 8, inda Bulus yake tara gudummawa saboda matalautan Urushalima. Ya ce ana karɓar kyauta gwargwadon abin da mutum yake da shi, kuma ba nufinsa a matse wasu don wasu su huta ba, daidaito yake nema. Kuɗin nan daga hannun masu ɗan hali suke tafiya zuwa ga waɗanda ba su da shi. A taronmu kuwa daga kaskon mai ƙosai suka tashi, suka faɗa aljihun mai mota.

Za a kuma kawo mini gwauruwar Zarefat, wadda ta ba annabi Iliya daga ɗan garin da ya rage mata. Wannan labari shi ne sandar da aka fi dukan matanmu da ita. To, Iliya a gidan ya zauna. Daga tukunya ɗaya suka ci, shi da ita da ɗanta, har aka yi ruwa. Da garin ya ƙare, da shi ma ya kwana da yunwa. Duk mai wa'azin da yake son a yi masa irin na Iliya, bismilla, ya zo ya tare a unguwar, ya ci abin da suke ci har kaka.

Yesu kansa bai yi wasa da wannan ba. A Markus 7 ya tsawata wa malaman da suke koya wa mutum ya keɓe dukiyarsa da sunan Allah don ya kauce wa ciyar da iyayensa. A Markus 12, dab da labarin gwauruwa mai ƴan tsabar kuɗi biyu, ya yi tir da masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Sannan 1 Timoti 5:8 ta ɗora wa mai bi nauyin kula da iyalinsa da kalmomi masu zafi ƙwarai. Hakkin yaro na karatu yana cikin wannan nauyi.

Wannan koyarwa ta shuka iri tana da tarihi, kuma ba dogo ba ne. Wani mai wa'azin Amurka, Oral Roberts, shi ya yayata ta, ya fitar da littafi a kanta a 1970. Ta shigo manyan majami'un kudancin Najeriya, daga nan ta biyo talabijin da kaset, yanzu kuma WhatsApp, har ta iso Maradi da Yamai. Babban taron Kiristocin bishara na duniya da aka yi a Cape Town a 2010 ya fito fili ya soki bisharar arziki. Ke nan wanda ya ƙi ta bai fita daga bangaskiya ba.

To ta yaya Allah yake biyan bukata? Mu ƴan Maradi muna da misali a gonakinmu. A farkon shekarun 1980, Tony Rinaudo, ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa. Shi da kansa yana ba da labarin cewa ya yi addu'a cikin karayar zuciya, sannan idonsa ya faɗa kan ƴan tsiron da manoma ke sarewa kowace shekara, ya gane kututture ne masu rai da saiwa a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake nema yana nan tuntuni, kowa yana takawa. Amma sai da manoma suka ɗauki adda, suka rage rassa, suka bar masu ƙarfi, suka tsare su daga awaki shekara da shekaru, kafin gawo da kalgo su dawo gonaki. Haka asibitin Galmi, wanda yake aiki tun 1950: masu addu'a ne suka gina shi, da bulo da magani da likitoci. Ko manna da ta sauko wa Isra'ilawa a jeji, sai mutum ya fita da safe ya tsinta, abin da ya ɓoye don haɗama ya yi tsutsa, kuma da suka fara cin amfanin ƙasar Kan'ana sai ta daina sauka. Yusufu a Masar ya ji gargaɗin Allah, ya gina rumbuna.

A nan ina da magana da wasu iyaye maza, waɗanda ba mai wa'azin da ya cuce su, su ne suke cutar kansu. Ka tambaye shi kuɗin jarabawar ɗansa, ya ce "Allah zai yi", ya gyara zama a majalisa. Bulus da ake jingina da shi ɗinkin tanti yake yi da hannunsa don kada ya zama kaya a wuyan kowa, kuma ya gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada a ba shi abinci.

Ƴan uwana malamai, mu ne muke fara ganin ɓarnar, domin a bencinmu take zama. Idan yaro ya zo hannu wofi, kafin mu kore shi gida mu bi sawu mu ji dalili. Mu da muke koyar da yara a makarantar Lahadi kuma, mu daina ba su aya guda tsirara su haddace. A ba su surar gaba ɗaya, su san wa ya rubuta, yana ina, wa yake yi wa magana. Yaron da ya san Bulus a kurkuku yake, da wuya a sayar masa da Filibiyawa 4:19 idan ya girma. Dattawan ikilisiya kuwa, ku ne kuke ba baƙo bagade da makirfo. Ku tambaye shi tun kafin ya hau: za a raba ambulan? Wa zai ƙirga kuɗin, ina za su tafi? In ya fusata da tambayar, kun sami amsa.

Yarinyar nan tana da kaye yanzu. Matan zumunta ne suka ji labari, kowacce ta kawo dala ashirin, dala hamsin, suka haɗa mata kaye shida da bik da sabon allo. Uwarta ta koma zubin adashi daga farko. Shekaranjiya, a hanyata ta zuwa lakwal, na ga an manna sabuwar takarda a jikin bango da hoton mutumin nan, wai zai dawo a Disamba.