A AUNA KAFIN A KAFA

Yau a birori da lakkoli da asibitoci na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, aiki mai yawa ya dogara ga igiyoyin rediyo da ke kai intanet daga ɗaki zuwa ɗaki ba tare da waya ba. Sau da yawa akan sayi na'ura mai tsada, a kafa ta, sa'an nan ma'aikacin da ke ɗaki na uku ya rasa saƙo. Sai a ce na'urar ce ba ta da kirki, alhali kuwa ginin ne ba a bincika ba.

Igiyar rediyo tana gudun kilomita dubu 300 cikin daƙiƙa ɗaya. A fili takan miƙe. Cikin gini kuwa sai ta bugi bango da rufi da ƙofar ƙarfe, ta rarrabu, ta isa ga mai karɓa ta hanyoyi dabam-dabam, wata da wuri, wata a makare, kamar amsa-kuwwa. In saƙo yana tafiya da sauri, na makare sukan hau kan na bayansu, magana ta cuɗe.

Wannan abu ana auna shi. A wani bincike da aka buga a shekara ta 1987, masana biyu na ɗakin binciken Bell a Amurka, Adel Saleh da Reinaldo Valenzuela, sun aika da gajerun bugun rediyo cikin wani ginin birori. Kowane bugu tsawonsa kashi 10 ne cikin miliyar ɗaya na daƙiƙa, wato lokacin da igiya ke cin mita 3 kawai. Gajeren bugu yana bukatar faffaɗan zango, kuma shi ke ba da damar rarrabe amsa-kuwwa ɗaya daga wata. Sun tarar amsoshin suna zuwa rukuni-rukuni, ƙarfinsu yana raguwa. Har yanzu injiniyoyi suna aiki da wannan sakamako.

To, amma ginin Amurka dabam, na Nijar dabam. A nan akwai kakkauran bangon ƙasa, da siminti mai rodi, da rufin kwano. Ƙarfe yakan mai da igiya baya, ruwa kuma yakan shanye ta. Saboda haka bangon da ya sha damina ba ɗaya yake da na bazara ba. Ƙungiyar sadarwa ta duniya da ke Janeba tana da shawarwari game da tafiyar igiya cikin gini, sai dai shawara ba ta san kaurin bangon wani asibiti na Tasawa ba. Mai awo ne zai sani.

Wasu za su ce awo ɓarnar kuɗi ce ga ƙasa mai bukatu da yawa. Amma wanne ya fi tsada: awon kwana biyu, ko na'urar da aka saya da kuɗin talakawa ta zauna banza?

Ya kamata duk kwangilar kafa intanet a ginin gwamnati ta ƙunshi awo, ɗaki bayan ɗaki, rani da damina, kafin a biya. Ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni da na makarantar EMIG suna iya koyon wannan aiki, su tara sakamako don amfanin magina da hukumar ARCEP. Shugabannin ma'aikatu su tuna: tun ran gini, ran zane.