Zauren Masoya: Mai Keke da Mai Mota

A wannan watan wasiƙar wani saurayi ce daga Gwaram ta hana ni sakat. Ya ce shi mai gyaran keke ne, duk Juma'a sai ya taka kekensa har Birnin Kudu zance, ga ƙura ga rana. To kwatsam sai ga wani mai mota ya shigo neman yarinyar, yanzu idan sun haɗu a ƙofar gida, kunya ke sa ya jingine kekensa a bayan katanga. Wai in ba shi shawara, ya janye ne?

Ɗan'uwa, gyara zama ka sha labari. A ƙasar Faransa an yi wani gwanin tseren keke, Jacques Anquetil, wanda aka haifa a 1934 kusa da birnin Rouen. Yana ɗan shekara 19 ya fara lashe babbar gasa. A 1956, a filin tsere na birnin Milan, ya yi tafiyar kilomita 46 da ɗoriya cikin awa guda, ya kafa tarihi a duniya. Babbar gasar nan tasu ta zagaya ƙasa, Tour de France, sau biyar ya cinye ta: 1957, sannan 1961 har zuwa 1964 a jere. Kafin shi babu wanda ya taɓa yin haka.

Amma fa yana da abokin karawa, Raymond Poulidor, ɗan manoma. Wannan bawan Allah sau 14 ya shiga gasar, ya zo na biyu sau uku, na uku sau biyar, bai taɓa cinyewa ba. Ko rigar nan ruwan ɗorawa da ake sa wa wanda ke kan gaba, ko na yini ɗaya bai taɓa sawa ba. A 1964 ma da daƙiƙa 55 kacal Anquetil ya kayar da shi.

To, wa kake jin Faransawa suka fi ƙauna? Wallahi Poulidor ne! Shi ake yi wa shewa a bakin hanya, saboda haƙurinsa da sakin fuskarsa, ga shi ba ya jin kunyar asalinsa. Anquetil ya kwashi kofuna, ana girmama shi, amma zukata suna wajen ɗan manoma. Anquetil ya rasu a 1987, Poulidor a 2019, sai a 2021 jikansa Mathieu van der Poel ya sa rigar da kakan bai samu ba.

Ka ga ke nan riga wani isa daban, shiga zuciya daban. Don haka ka daina ɓoye kekenka, da shi kake cin halaliyarka. Kafe shi a ƙofar gida, ka tambayi yarinyar gaskiyar ranta. In kai take so, tura magabatanka tun da wuri, kada a yi sakiyar da ba ruwa. In kuwa motar take so, ka gode wa Allah da ka gane tun kafin a shafa fatiha.

Ke kuma 'yar Birnin Kudu, in kina karantawa, mutumin da ke shan wannan rana dominki ki dube shi da kyau.

Sai wata na gaba, in Allah Ya kai mu.